Shingen Dashi na Tsakanin Gonaki Biyu

Ku ɗiyana, na so in tafi da wagga magana kabari, don alkawarin da na yi ke nan. Amma ranar Larabar da ta wuce ina zaune ƙofar ɗaki ina tsintar ƙaro a faifai, sai ga maƙwabciyata ta shigo, labari na cin bakinta tun ba ta gama sallama ba. Wai babbanku, ɗan farina da ba ni faɗin sunanshi, ya tsaya bakin shingen gona ya ce wa Hamidu ɗan Baba Illo kada ya ƙara taɓa ƙaron dashin nan. Wai har ya ce mishi, "Ubanka ya kashe na farko don awakinshi, kai ba za ka gama da na biyu ba." Na ajiye faifan. Rabona da jin kunya irin wannan tun shekarar yunwa. Shi ya sa na ɗauko littafin da anka ba mu a makarantar yaƙi da jahilci, wanda rabinshi bai taɓa ganin alƙalami ba, na ce bari in rubuta da hannuna, ko da a karkace, don kada gobe wani ya ce tsohuwa ta ruɗe ko an ƙara wa zancenta gishiri. Baba Illo bai kashe icce ko ɗaya ba. Ni na kashe su, duka bakwai ɗin.

Sa'ad da anka kawo ni gidan nan daga wajen Tabla, ban san komi game da tsimi ba sai ɗacinshi. Kakarku, Inna Gwamma, uwar babanku, ita ce mai shi a duk ƙauyukan da ke gefen nan na Kurfai. Itatuwan dashi bakwai gare ta a kan tudun bayan gona, gajeru, masu ƙaya, marasa kyan gani, rabin shekara ma ba ganye a kansu. Amma in rani ya yi sai su riƙa zubo ƙaro, ya daskare a jikin ɓawo, ja-ja, mai ƙamshin da ke kama hannu kwana biyu. Shi take ɓamɓarowa, ta tsince yashi da ɓawo, ta daka tun da sanyin safiya, don in rana ta taɓa shi sai ya liƙe wa turmi. Ta zuba a wani baƙin tulu da ta gada wajen uwarta, ta sa ruwan da anka tafasa ya huce, da tsamiya, da citta, da kanumfari kaɗan, da zuma in an samu. Ta rufe da faifai da tsumma, ta binne gindin tulun cikin jiƙaƙƙen yashi a ƙuryar ɗaki. Kullum da safe a motsa sau ɗaya, har kwana bakwai. In ya yi, ruwan zai juya fari-fari kamar na farau-farau, a tace a ɗura a kwalabe. Mai gyambon baki ya kurkure, mai ciwon dasashi ya riƙe a baki, mai ƙaiƙayin maƙogwaro ya kurɓa, a wanke rauni da shi. Abin da ya fi ƙarfinta kuwa ba ta jayayya, wajen likita take tura mutum Filinge, tana mishi faɗa don ya daɗe bai zo ba.

Ba ta da ɗiya mace da ta rayu, don haka ni ta ja a jiki. Ranar da ta fara kai ni tudun, ta fito da wata ƴar wuƙa da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, ta ce mini:

"Abin da icce ya zubar da kanshi, shi ne naki. In ya yi rowa, ki tsaga shi sau ɗaya, a tsaye, tsawon ɗan yatsa, gefe guda. Baɗi ki koma wancan gefen. Kada wuƙa ta kwanta, kada ta zagaya. Kin ji ko in sake?"

Na ce na ji. A raina kuwa na jefa maganar cikin kwando ɗaya da su kada a yi shara da dare, kada a zauna bakin ƙofa. Don ni ɗiyar manoma ce, na san dashi. Icce ne da in ka sari reshenshi ka kafa turken akuya, damina na zuwa sai turken ya yi ganye. Abin da ke rayuwa ba saiwa, wace ƴar wuƙa ce za ta kashe shi? Da ban san dashi ba ko kaɗan, da na ji tsoro. Ɗan sanin da na yi ne ya cuce ni.

Illo kuwa, ƙanin babanku, abokin wasana ne tun ranar da na shigo. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai "matata". Ba ya cin tuwona sai ya kushe shi, kuma ba ya tashi sai ya suɗe kwanon. In na ɗauko ruwa ya ce tafiyata ta agwagwa ce, in na ce mishi gemunshi gashi tara ne ya ce goma ne, ban iya ƙirga ba. A lokacin yana da matarshi, Hamidu na goye, da awaki kamar goma sha biyu da yake ji da su kamar ranshi. Gonarshi da ta babanku iyaka ɗaya, ba shinge a tsakani, sai wasu duwatsu uku da kakanku ya ajiye.

Sai shekarar ta zo. Zamanin mulkin soja ne, rediyo na ta faɗin a yi haƙuri a tashi tsaye. Ruwa ya sauka sau uku ya ɗauke. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi fari, iska ta kwantar da shi. Ba mu ɗaure dami ko biyar ba. Babanku ya bi mazan gari sunka nufi Abijan, ya ce zai aiko, kuma na san ya so ya aiko, amma wata shida ba mu ji ko tarinshi ba. Gida ya rage Inna, da ni, da ku biyu, babba da ke Hadiza, kai kuma Anaruwa kana ciki. Munka ci anza, ƴaƴan wani iccen daji. Ku ba ku tuna ba, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ɗaci kafin ta ciwu, in ta ciwu ma ciki kawai take riƙewa. Ƙafafun Inna sunka kumbura har ba ta iya zuwa bayan gida sai da sanda. Ke Hadiza kin daina kuka, wannan ne ya fi ba ni tsoro, sai dai ki zauna ki zuba mini ido.

Wata Lahadi na ɗauki kwalabe huɗu na tafi kasuwar Filinge. Na wuni ban sayar da ko ɗaya ba. Wa zai kurkure bakin da ba abin da ya shiga cikinshi? Da la'asar ina tattara kaya, wani mai sayen kayan turaren wuta yana kaiwa Yamai ya tsaya kaina, ya shaƙi iska, ya ce mi ke ƙulle a bakin zanena. Ɗan guntun ƙaro ne da nake tauna don tashin zuciya. Ya murza, ya sa wa ashana, ya lumshe ido. Ya ce a Yamai akwai gidajen da yunwa ba ta san ƙofarsu ba, matansu na son ƙamshi. In zan kawo mishi, ƙoƙo guda na ƙaro, tiya biyu ta hatsi. Hatsi fa, ba jar dawar taimako da ake layi tun safe a kan ta ba. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Abin da itatuwan sunka zubar da kansu bai cika ƙoƙo biyu ba. Na kai, na dawo da hatsi, na dama muku kunu, na ga kin yi dariya, Hadiza. Daga nan wuƙa ta fara tsawo. Tsaga ɗaya ta zama uku. Na ga in na kwantar da wuƙar ƙaron ya fi zuba, na kwantar. Inna ba ta iya hawan tudu, ba mai gani na. Na ce mata fari ne ke sa su zuba haka, ta ce haka ne, icce in ya sha wuya ya fi zubarwa. Kafin wata uku na zagaye kowane gindi, na ɓare ɓawon faɗin yatsa uku, ina kankarewa duk mako don ya sake kawowa. Ba zan ce muku na manta da maganarta ba. Duk sa'ad da wuƙar ta kwanta sai na ji muryarta. Ce wa kaina nake, dashi ne, ruwa na sauka zai haɗe bakinshi. Kuma gaskiya ita ce, ko da na tabbata ba zai haɗe ba, ban san ko zan tsaya ba. Kun ci kun rayu, wannan ban yi nadamarshi ba. Abin da ya biyo baya ne ke hana ni sakewa.

Tulun ne ya tona ni. Inna ta ce a ɗora sabon tsimi, don gyambon baki ya yi yawa a gari saboda rashin ci. Na kawo ƙaro, munka jiƙa. Kwana bakwai ruwan bai juya ba, ya tsaya tsararo, ga wani ɗan tsami-tsami. Ta ce in miƙo mata ragowar. Ta juya shi a tafin hannu, fari-fari, laushi, duk ɓawo a jiki. Ta sa a baki. Ta daɗe tana tauna.

"Wanga ba icce ya ba ki ba," in ji ta. "Ƙwata kinka yi. Kira mini Illo, shi zo da jaki."

Illo ya ɗora ta, yana jan jakin, ni ina biye kamar wadda za a kai wa alƙali. Ko wasa bai yi mini ba a hanya, a nan na san abin ya kai. Da munka isa ta sauka ta dafa icce na farko, ta bi zagayen da yatsa har ya dawo inda ya fara. Ta je na biyu. Haka har bakwai, tana jan ƙafa, ba ta bari a riƙe ta ba. Na durƙusa na ce ta yafe mini, na fara kawo zancen ɗiya da yunwa. Ta ɗaga mini hannu.

"Na sha kunun nima, ban tambayi inda ya fito ba. Tashi, ba lokacin kuka ba ne. Gindin ya mutu, amma rassan ba su ji labari ba tukuna. Illo, ɗauko gatari. Duk reshen da ya kai kaurin hannu, ka sare mini shi tsawon kamu biyu, tun da sauran ruwa a jikinshi."

Kwana biyu Illo na sara ina jerawa a inuwa. Awakinshi na biye da shi kamar kullum, suna tsintar ɓawo da ƙananan rassa. A rana ta uku da hantsi munka ji babur. Ku na yanzu ba ku san abin da ƙarar babur ke nufi a daji a zamanin nan ba. Doka ce, ɗanyen icce ko a gonarka yake ba ka da ikon sa mishi gatari sai da takarda, kuma ma'aikatan gandun daji na yawo. Mutumin ya sauka da kakinshi, ya dubi kututture bakwai, ya dubi gatari a hannun Illo, ya dubi awaki na ci. Ya aika a kira maigari, rabin gari ya biyo shi.

Ba zan ɗora mishi abin da bai yi ba, bai zagi kowa ba. Inna ta yi mishi bayanin rassan, ya duƙa ya duba, ya ce ya san dashi, wannan dabara ce mai kyau, a dasa su. Amma ya sa sandarshi a kan zagayen da ke gindin, ya ce wannan ba na jiya ba ne, kuma ba ceto ba ne, kisa ne. Ya ce sai an faɗa mishi mai shi. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, har iska ta shiga.

"Ni ne, ranka shi daɗe," in ji Illo. "Ɓawon nika ɓare ma awakina. Ba ciyawa, ba harawa, ina kallo su mutu?" Ya juyo ya harare ni. "Ke kuma matata, rufe bakin nan kada ƙuda shi faɗa. Ana maganar maza."

Mutane sunka yi ƴar dariya, wasu sunka girgiza kai. Wata tsohuwa a baya ta ce, itatuwan uwarshi, don akuya. Da yake ba mai abin biyan tara a shekarar, anka yanke zai tafi Filinge wata biyu yana ban ruwa a lambun da ake renon ƙananan itatuwa. Anka ba shi zuwa la'asar ya shirya. Na same shi bayan rumbu yana ɗaure tabarma, na ce ba zan yarda ba, zan je in faɗa wa maigari.

"Ki je da wanga cikin ki ja guga wata biyu? To ba ma shi ba. Ki tsaya ki ji. In matan garin ga sunka san hannunki ya kashe dashi, wa za ta sake karɓar kwalba daga hannun nan ta ba ɗanta? Inna ba ta da kowa sai ke. Ran da ta kwanta dama, tulun ya mutu ke nan. Ni mi za a ce? Illo mahaukacin awaki. Da ma ana faɗi."

Na ce zunubin fa? Ya ce wannan tsakanina da Allah da itatuwa, shi ba ruwanshi. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, ko ga babanku. Sa'an nan ya ɗauki tabarmarshi ya ce in ya dawo ya tarar miyata ba ta gyaru ba, zai koma can da kanshi, don ya ji ana ba su wake.

Rassan sunka kwana bakwai a inuwa har bakin saran ya bushe. Inna ta ce ba a kan tudu za a kafa su ba, a bi iyakar gonakin nan biyu, daga dutsen farko zuwa na uku. A lokacin ban gane dalilinta ba, sai daga baya na ga so take dashin ya zama na gidajen biyu, namu da na Illo. Ni na haƙa ramukan, zurfin kamu guda, da guntun galma, ciki a gaba, matar Illo na taya ni tana share hawaye ba ta san don wa mijinta ya tafi ba. Arba'in da ɗaya munka kafa. Na ce in ɗebo ruwa in zuba musu, Inna ta ce in na zuba za su ruɓe, dashi ba ya son a ji tausayinshi, ruwan sama kaɗai yake jira. Sai jira. Bazara ta yi zafin da ban taɓa gani ba. Sanduna a tsaye, furfura-furfura, ba alamar rai. Kullum sai na je na kankari ɗaya da farce in ga ko da sauran kore a ƙarƙashi, har ranar da Inna ta ga farcena.

"Hannun nan naki bai ƙoshi ba har yanzu?"

Ban sake taɓawa ba. Ita ce kaɗai baƙar maganar da ta faɗa mini a kan abin duka, kuma da ta yi mini dukan tsiya da ya fi mini sauƙi.

Ruwan farko ya sauka Illo na Filinge. Kowa ya fita shuka da ɗan irin da anka raba, gonarshi ba namiji. Ni da matarshi munka yi abin da za mu iya bayan mun gama tamu, a makare, rabinta ma ba mu kai ba. Awakinshi kuwa, kafin ciyawa ta fito, takwas sun mutu. A ruwa na uku na haife ka, Anaruwa, ana kwarara kamar da bakin ƙwarya, shi ya sa sunan ya bi ka. Bayan suna da kwana biyu Inna ta leƙo ɗakina ta ce in na iya tafiya in zo in raka ta. Munka tafi a hankali, ita da sanda, ni da jariri. Tun daga nesa ban ga komi ba. Sai da munka matso na ga ɗan tsiro a jikin sanda ta huɗu, ganye uku a haɗe, bai kai ƙwayar wake ba. Na biyar ba komi. Na shida akwai. Munka bi layin tana ƙirgawa da ƙarfi. Goma sha tara. Na zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa na yi kukan da ta hana ni ran nan, wannan karon ta bar ni.

Illo ya dawo a ƙasa, ya rame, tafin hannunshi duk ya tsage da igiyar guga. Bai shiga gida ba sai da ya bi ta shingen. Da ya zo ya ce mini ya ga sanduna ashirin da biyu da sunka ƙi tsira, ya tabbata su ne waɗanda na kafa da hannuna, sauran na matarshi ne.

Dashin dashe ba ya ba da ƙaro sai ya shekara biyar ko shida. A tsakanin nan nakan bi mata masu itacen wuta har fakon da ke hanyar Abala in tsinto na daji, ɗan kaɗan, don kada tulu ya bushe. Inna ba ta ga ƙaron farko ba, ta rasu a shekara ta uku. Kwana kaɗan kafin nan ta sa na jawo tulun gabanta, ta ɗora ƴar wuƙar a kan faifan. Na ce, Inna, ni da na yi abin da na yi? Ta ce, "Don shi na ba ki. Wadda ba ta taɓa kashewa ba gani take wasa nika yi." Tun daga ranar wuƙar nan ba ta sake kwanciya a jikin icce ba.

Yanzu ku ji abin da Illo ya biya, don wata biyun nan su ne mafi arha. Babanku ya dawo a shekara ta biyu, ya ji labari a bakin gari tun bai sauke kaya ba. Shekara guda cur bai sa hannu a kwano ɗaya da ƙaninshi ba. Ina kallo, ina zuba musu tuwo a kwano biyu. Sun shirya daga baya, amma ya rasu yana ganin Illo ya ci amanar uwarsu, kuma wannan ba ni da yadda zan gyara shi, shi ne abin da ya fi ci mini rai a duniya. Suna ya bi shi, Illo Kashe-dashi, yara na faɗi ba su san mafarin ba. Bayan soja sun sauka, da anka zo da tsarin barin ƴan itatuwa su tsira a gonaki, anka ce kowane gari ya ba da mutum guda da zai kula. Duk garin nan ba wanda ya kai shi sanin renon icce, a lambun Filinge ya koya. Ana ambatar sunanshi wani ya ce, a ba mai kashewa tsaro? Anka yi dariya anka ba wani. Ran nan na je na ce ya sake ni daga rantsuwar. Ya ce tukuna, mata na zuwa da kwalabensu, a bar su su zo. Kuma shekara arba'in, shingen nan da ke bakin gonarshi, wanda kowace sanda da gatarinshi anka sare ta, bai taɓa kai hannu jikinshi ba, don kada a gan shi a ce ya dawo.

Shekaranjiya Alhamis na ɗura kwalba guda na tafi gidanshi. Na same shi a zaure, haƙoran da sunka rage mishi ba su fi gashin gemunshi na da ba. Na ce mishi na zo karya rantsuwa, zan yi kaffara, in ya so ya yi fushi.

"Haba matata. Shekara arba'in ina cin sunana ni kaɗai, yanzu da ya yi daɗi za ki ƙwace?"

Na ce ba wasa na zo ba. Na gaya mishi abin da anka faɗa wa Hamidu. Ya ce ya sani, yaron ya shigo ran nan bai ci abinci ba. Ya juya kwalbar a hannunshi. Can ya ce shi ya ɗauka abin zai tsaya a kanshi, bai yi lissafin ɗiya ba. Ya tambaye ni, matan fa? Na ce waɗanda za su guje ni su guje, na tsufa, kuma Ramatu matar Hamidu ta iya tsimin ta fi ni, ita zan ba tulun da wuƙar. Wannan ma ku ji shi daga nan, kada a yi gardama bayan raina.

"To rubuta," in ji shi. "Amma ki sa har da cewa miyarki ba ta gyaru ba."

Ga shi na sa. Daga nan na ce ya tashi ya raka ni. Munka tafi, tsoho da tsohuwa, kowa da sandarshi, ta tsakiyar gari da rana tsaka don kowa ya gani. Shingen yanzu ya fi mutum tsawo, goma sha tarar nan sun haifi fiye da yadda zan ƙirga, don duk bazara sai na ƙara kafawa. A jikin ta huɗu akwai wani dunƙulen ƙaro da ya zubo da kanshi, ja, ya bushe sarai. Na ce ya ɓamɓaro. Ya waiwaya hagu da dama, abin da ya saba. Sa'an nan ya miƙa hannu ya ciro shi. Ya tsaya yana duban iccen sama da ƙasa.

"Kin gani," ya ce, "na taɓa shi, bai mutu ba."

Ya sa ƙaron a aljihu, munka juyo.

Kai babba, ban ga laifinka ba, abin da ka taso ka ji shi ka faɗa, kuma kunun da ya raya ka daga gindin itatuwan nan ya fito. Amma in ka gama karanta wannan, sa takalmanka. Baba Illo na zaure, ba ya fita da hantsi.